Ruwa ake fara kora kafin a kira mai fenti

A nan Ingila ba ka sa gida a kasuwa sai da takardar EPC, wadda ke nuna yadda gidan ke cin makamashi, daga A zuwa G, kuma tana aiki shekara 10. Bayan haka mai saye kan turo gwanin duba gini, ya zo da na'urar auna danshi yana manna ta a bango ɗaki-ɗaki. Mu kuwa can gida an fi saba wa shafe ko'ina da fenti a kira dillali. A ganina nan muke tafka asara, domin fenti ba ya riƙe asiri fiye da damina ɗaya.

Daga rufi ake farawa: kwanon da ƙusarsa ta saki, tayil ɗin da ya zame, indararon da ganye ya toshe. Tabon da ka gani a silin sau da yawa ba nan ne bakin yoyon ba, ruwan kan bi katako ya gangara kafin ya ɗiga.

Sai gindin bango. In ka ga fenti ya kumbura, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, danshi ne daga ƙasa, kuma da wuya ya wuce mita ɗaya. Yawanci ƙasar waje ko daɓe ne ya haura shimfiɗar hana danshi da ake sawa cikin gindin bango lokacin gini, wadda ya kamata ta ɗara ƙasa da santimita 15. A rage ƙasar, a fasa ruɓaɓɓiyar filasta, a sake sabuwa. In ta siminti ce a ba ta kamar kwana 28. Mai gaggawar shafa fenti zai ga yana ɓarewa tun ba a gama ciniki ba.

Tsaga siririya kamar gashi cikewa kawai take so. Amma wadda ta kai milimita 5, ko take hawa kamar matakala daga kusurwar taga, wannan ta injiniya ce.

Sauran ƙanana ne: robar famfo mai ɗiga, silikon ɗin banɗaki da ya yi baƙi, soket mai tabon ƙuna. Sabon kicin kuwa ban ba da shawara ba, ba kasafai kuɗinsa ke dawowa ba, mai saye ma yana iya cire shi. Rasit ɗin kowane gyara dai a adana shi, a nan lauyan mai saye kan nemi takardun aikin wuta da na gas.