Kifin da ya mayar da ni makiyayi

Mai shagon kifin ado a Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wannan kifin da ake kira mandarin ba ya cin gari, ba ya cin daskararren abinci, sai abu mai rai da ke motsi a gabansa. Na ce masa yunwa ce maganin tsirfa, a garinmu yaron da ya ƙi tuwon dare shi zai tarar da safe an ɗumama masa. Ya yi murmushi, ya karɓi kuɗinsa.

Kifin bai fi santimita 7 ba, amma Allah ya yi masa ado: shuɗi da kore da ruwan goro, an zana su a murɗe. Daga yammacin tekun Fasifik ake kamo shi, wajen Filifin da Indonesiya. Jikinsa ba ɓawo, sai wani yauƙi mai wari da ɗaci da ke sa manyan kifaye su ba shi hanya. Wanda ba a farautarsa kuwa ba ya gaggawa. Wuni yake yana jan ciki a kan duwatsun ƙasan tanki, ya ƙura wa abu ido kamar dattijo mai zaɓen goro, ya juya, ya wuce.

In na barbaɗa abinci, wasu kifaye biyu masu ratsin fari da ke tare da shi a tankin su suke wawushe shi tun a sama. Na samo sirinji da dogon bututu, na kai masa narkakken jatan lande har bakin hancinsa. Ya dube shi, ya dube ni, ya kewaye.

Abincinsa na gado wasu ƙwarin ruwa ne, kofifod, da ba su kai ƙwayar gero ba. Na sayo kwalba guda. Matata ta ɗaga ta ce, "Yanzu ruwa ka saya da kuɗinka?" Sai da na haska fitila ta ga fararen ɗigo suna tsalle. Matsalar ita ce gogan naka ɗaruruwa yake tsinta a wuni, bakinsa ba ya hutawa, nan da nan ya share tankin tas.

Dole na fara kiwo. Na ajiye bokiti a baranda, gishirin teku giram 35 a kowace lita, da injin hura iska. Su ma ƙwarin sai an ba su koren ruwa mai gansakuka. Wato ina noman ciyawar da zan ciyar da ƙwarin da zan ciyar da kifin da ba ya ciyar da kowa.

Na ƙara da ƙwan artemiya, ƙananan jatan landen da ake kwaso ƙwansu daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Gari ne ruwan ƙasa, a gwangwani, ana adana shi a firiji. In ya samu ruwan gishiri mai ɗumi da iska, cikin awa 24 ya ƙyanƙyashe, kuma dole a bayar da wuri kafin 'ya'yan su shanye gwaiduwarsu su zama holoƙo. Sai dai haske suke bi, su taso sama, shi kuwa mai martaba yana ƙasa. Na zuba su a 'yar kwalba, na rufe bakinta da ƙyalle mai ƙananan huji, na nutsar, suna fitowa ɗaya-ɗaya yana tsinta. Daga gefen gyalen matata na yanko ƙyallen, maganar da har yau ba ta mutu ba.

Ana haka Hajiya surukata ta zo daga gida zaman jego. Ta sha ganina da tsakar dare a durƙushe gaban tanki da tocila. Ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai na ji tana tambayar 'yarta, "Shi Baban Abba lafiya yake kuwa?" Maƙwabta kuma sun riga sun ba ta labarin zazzaɓin dengi, da yadda jami'an lafiya ke cin tarar gidan da aka samu 'ya'yan sauro a kwantaccen ruwa.

Ranar na dawo daga aiki na tarar da bokitina a kife, an wanke shi da sabulu, har ƙyalli yake yi. Daga bayan labule ta ce, "Ki gaya wa maigidanki na zubar da ruwan nan, har ya fara tsutsa." Na sunkuyar da kai na ce, "Madalla, Hajiya, Allah ya saka da alheri." Me mutum zai ce wa suruka?

Da dare aka kawo tuwo da miyar kuka, girkin Hajiya da kanta. Loma ta farko na ji ƙasa-ƙasa a haƙorina. Sai ta ce, "Wannan yajin naku na gwangwani ba shi da zafi ko kaɗan, sai ƙarni. Cokali uku na zuba, ban ji komai ba."

Na cinye tas, don kunya. Na san an tafasa su, amma da na kwanta sai lissafi ya dame ni: miya da gishiri, ciki da ɗumi, iska kuwa ba a magana. Matata ta miƙa hannu za ta kunna fitilar gefen gado, na riƙe ta na ce, "Bar ta a kashe, kada su taso sama."