Ku daina ɗora mana hoton Phantom

Wallahi wasu malaman hannun jari na intanet ɗin nan sai addu'a. Kun dai ga bidiyon da ake ta turawa tun jiya: an ɗora hoton Phantom, motar alfarmar nan ta Rolls-Royce, an sa kiɗa, malam ya gyara zaman hula yana cewa a ruga a sayi hannun jarin Rolls-Royce domin masu kuɗi ba sa daina sayen mota. Sannu da ƙoƙari, malam! Kamfanin da kake tallatawa ko taya ba ya ƙerawa.

Rolls-Royce ɗin da ke kasuwar hannun jari ta Landan injin jirgin sama yake yi a garin Derby na Ingila. Ɓangaren mota tun 1973 aka raba gari, yau BMW ce ke ƙera ta. Ko attajiran duniya kaf sun sayi Phantom bibbiyu, kwabo ba zai shigo aljihunka ba. Ba mota ba ce, jama'a, inji ne.

Shi kuma injin, ba a wurin sayarwa ake cin ribarsa ba. Sukan sayar da shi da ƙyar a mai da uwar kuɗi, wani lokaci ma da asara, sannan kamfanin jirgi ya riƙa biyansu ladan kula da shi gwargwadon awannin da ya yi a sama. Kamar mai adaidaita sahun da ya ba direba ne: ranar da ba a fita ba, babu balas. Shi ya sa da korona ta zaunar da jirage a 2020 suka sanar da rage ma'aikata 9,000, suka koma wa masu hannun jari da ƙoƙon bara na fam biliyan 2, hannun jari ɗaya ya faɗo ƙasa da rabin fam.

Na san abin da za a cika min wurin sharhi da shi: "Ai dai ya tashi!" E, ya tashi. Lokacin da Tufan Erginbilgic, tsohon ɗan kamfanin mai na BP, ya karɓi ragamar kamfanin a farkon 2023 hannun jarin bai kai fam ɗaya ba, a 2025 ya haye fam 10. To sai me? Wanda ya saya saboda hoton mota sa'a ya taka, kuma wanda bai san dalilin hawa ba, ta ina zai gane an fara gangarowa?

Mu bar wasa. Kamfanin nan ya taɓa durƙushewa gaba ɗaya. A 1971 injin RB211 da suka yi wa jirgin Lockheed TriStar ya cinye su. Sun ƙera fikafikan fankar da sabon zaren kabon mara nauyi, aka zo gwajin karo da tsuntsu aka harba mata kaza, fikafikan suka tarwatse. Kaza fa! Kuɗin aiki ya wuce lissafi, sai da gwamnatin Firaministan Birtaniya Edward Heath ta karɓe kamfanin, bai koma kasuwa ba sai 1987 zamanin Thatcher. Daga 2016 kuma injinsu Trent 1000 na jirgin Boeing 787 ya riƙa lalacewa kafin lokacinsa, jirage suka yi layi a ƙasa suna jiran gyara. Kuskuren inji guda ɗaya yana iya lashe ribar shekaru.

Ban ce kamfanin banza ba ne. Duk jirgin Airbus A350 da ka gani a sama, har na Ethiopian Airlines, injinsu ne a jiki. Su ke yi wa jiragen ƙarƙashin teku na sojan Birtaniya tukunyar nukiliya. A 2025 gwamnatin Birtaniya ta zaɓe su su gina ƙananan tashoshin nukiliya, ko da yake babu ɗaya da ta kunna ƙwan lantarki tukuna. Amma ba sa cikin kasuwar matsakaitan jirage irin su Boeing 737 da Airbus A320, inda cinikin ya fi yawa. Wannan za ka auna, da farashin da ya riga ya ninka sau goma, kafin ka canja nairarka zuwa fam.

Af, a 2017 sun amince su biya fam miliyan 671 ga hukumomin Birtaniya, Amurka da Brazil kan cin hanci. A jerin ƙasashen da aka lissafa akwai Indonesiya, Tailan, Indiya, Rasha, da mu. Wai mu kam wace irin takarda ce za a buɗe a duniyar nan ba a ga sunan Najeriya a ciki ba?