Kafin tsatsa ta cinye abin da ya rage na jirgin Ƙauran Namoda

Duk wanda ya san tarihin Gusau ya san cewa jirgin ƙasa ne ya mayar da ita babbar cibiyar kasuwanci. A 1929 aka kammala layin dogo da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, amma talakawa suka mayar da shi nasu: a cikinsa ɗalibai suka tafi karatu Zariya, 'yan kasuwa suka kai kaya Kudu suka dawo da goro, baƙi daga kowace kusurwa suka sauka suka cika Sabon Garin Gusau.

A yau ciyawa ta rufe dogon a wurare da yawa, kwanon rufin wasu gine-ginen tasha ya yaye, awaki na kiwo inda fasinjoji ke zama da kayansu suna jiran jirgi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sayar da ƙarafan dogo a matsayin gwangwan, domin ginin da ya lalace ana iya gyara shi, amma taragon da aka yanyanka aka auna a kan sikeli ya tafi ke nan har abada.

Ra'ayina shi ne mu daina jingina komai a kan ranar da Gwamnatin Tarayya za ta farfaɗo da layin gaba ɗaya. An sha yi mana wannan alkawari, kuma hankalin hukuma ya koma kan sabon layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, alhali namu tsohon yayi ne mai faɗin milimita 1,067. Ko layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, ta Katsina ya bi. Idan muka zauna jira, ranar da kuɗin gyara za su zo ba za a tarar da abin gyarawa ba.

Akwai aikin da bai fi ƙarfin jiha ba. Gwamnatin Zamfara za ta iya zama da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955 kuma ita ce mai mallakar kayan, a ƙidaya duk wani tarago da kan jirgi da na'urar ba da hannu da suka rage a tashoshin jihar, a kewaye su, a sa musu rufi. Daga nan a zaɓi taragon fasinja ko da guda biyu ne, a kankare tsatsar, a gyara kujeru da tagogi da birki, a mayar musu da fentinsu na asali. Wasu sun riga mu: a Ebute Metta da ke Legas, wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan manyan ma'aikatan reluwe da ake kira gidan Jaekel ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe, kuma gidan tarihi na Jos ya adana kayan ƙaramin jirgin da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos har aka rufe layin a 1957.

Sai dai ƙarfe kaɗai bai isa ba. Tsofaffin direbobi da kanikawa da masu kula da dogo da suka yi wa reluwe aiki suna nan a unguwanninmu, shekaru sun ja, kuma su ne suka san inda ruwa ke cin gada da damina da yadda ake haɗa tarago da tarago. Ya kamata a naɗi bayanansu yanzu, a kuma haɗa su da ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, aikin gyaran ya zama darasi a hannun matasa.

Na san za a ce jihar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da lokacin tsohon jirgi, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya nuna cewa dogo ma yana buƙatar tsaro. Ban raina wannan magana ba, shi ya sa ban ce a sa fasinja a hanya gobe ba. Kewaye tasha da gyaran tarago a cikin gari ake yin su, ba a daji ba. Idan Allah ya kawo zaman lafiya, sai a fara gwada jigila tsakanin Gusau da Ƙaura, musamman ranakun kasuwa, domin manomin da kuɗin mota ke cinye ribar buhunsa ya samu sauƙi. Ina roƙon 'yan majalisarmu da masarautun Gusau da Ƙauran Namoda su fara da neman a yi wannan ƙidaya a kuma bayyana ta ga jama'a kafin damina mai zuwa.