Wa Amurka take kora, kuma da sunan wane addini?

Jiya bayan sallar isha'i muka kwashi gardama da wani abokina a teburin mai shayi. Shi a ganinsa magana ta ƙare: Trump yana korar baƙi ne don ya tsare Amurka ta zama ta Kirista zalla, Musulmi ake fako. Na ce masa, Malam, kafin ka yanke hukunci, duba su wa ake ɗaure wa hannu ana cusawa a jirgi. Da na koma gida maganar ta ƙi barina, shi ya sa nake wannan rubutu.

Mafi yawan waɗanda jami'an hukumar shige da fice ta ICE ke kamawa 'yan Meziko ne da Gwatamala da Honduras da Benezuwela da makamantansu. Mutane ne masu suna Hose da Mariya, 'yan Katolika da 'yan Pentikostal, waɗanda ba sa wasa da zuwa coci. A 2025 taron bishop-bishop na Katolika na Amurka da babbar ƙungiyar Ibanjelikal ta ƙasar suka fitar da rahoto tare, suka ce kusan mutum 4 cikin 5 na waɗanda ke cikin haɗarin a tasa ƙeyarsu Kirista ne. To wane irin tsaron Kiristanci ne wannan, da zai fara da kwashe masu cika coci ranar Lahadi?

Tun 2011 akwai ƙa'idar da ta taƙaita wa jami'an ICE yin kame a wuraren ibada da makarantu da asibitoci. Gwamnatin Trump na hawa a Janairun 2025 ta soke ta. Zuwa watan Yuli tsoro ya kai ga Bishop Alberto Rojas na San Bernardino a jihar Kalifoniya ya sauke wa mabiyansa wajibcin zuwa ibadar Lahadi in suna fargabar kame. Ku kwatanta da limamin Juma'a ya hau mumbari ya ce wanda ke tsoron a kama shi a ƙofar masallaci ya yi azahar ɗinsa a gida. Kuma wannan a ƙarƙashin gwamnatin da kusan 8 cikin 10 na fararen Ibanjelikal suka zaɓa.

Abin da abokina bai lura da shi ba, rigimar ta cikin gida ce, tsakanin Kirista da Kirista. Washegarin rantsar da Trump, ranar 21 ga Janairu, Bishop Mariann Budde ta cocin Episkopal ta dube shi ido da ido a babban cocin Washinton ta roƙe shi ya ji ƙan baƙin da ke cikin tsoro. Ya fusata, ya ce sai ta ba da haƙuri. Bayan 'yan kwanaki mataimakinsa JD Vance, wanda ya shiga Katolika a 2019, ya kawo hujjar malamai: wai akwai tsohuwar koyarwa da ake kira ordo amoris, wato so yana da matakai, ka fara da iyalinka, sai maƙwabci, sai 'yan ƙasarku, in an samu rara a kai ga sauran duniya.

Gaskiya da na ji maganar ban yi saurin watsar da ita ba. Mu ma mun san dangi su ne farko wajen sadaka, kuma Bahaushe ya ce so duk so ne, amma son kai ya fi. Sai dai fifita naka daban, wulaƙanta na wani daban. Don ka fara ciyar da 'ya'yanka, ba shi ya halatta maka sakar wa almajirin ƙofar gida kare ba. Fafaroma Francis bai bar maganar ta kwana ba, a Fabrairu ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka wasiƙa, ya mayar da su ga labarin Basamariyen nan da Yesu ya bayar, wanda ya tsaya ya taimaki baƙon da 'yan fashi suka yasar a hanya, alhali malaman addini sun ratse sun wuce. Da Francis ya rasu aka zaɓi Leo na 14, haifaffen Shikago, wasu suka ɗauka ɗan gida zai sassauta. Bai sassauta ba. A Nuwamba bishop-bishop ɗin suka taru a Baltimore, 216 suka amince da sanarwar adawa da korar jama'a barkatai, 5 kacal suka ƙi.

Jan aya don wanke aikin hukuma ba yau aka fara ba. A 2018, lokacin da ake raba yara da iyayensu a kan iyakar Meziko, ministan shari'a Jeff Sessions ya karanto Romawa sura 13, inda aka ce a yi biyayya ga masu mulki. Ayar nan ita masu bayi suka riƙa kafa hujja da ita bayan dokar 1850 ta mayar da gudajjen bawa ga ubangidansa. Littafin da ya ɗauko ta ciki shi ne kuma ya ce baƙon da ke zaune tare da ku ku so shi kamar kanku, don ku ma kun yi baƙunci a Masar. Wannan bai karanto ba. Mu da muka saba ganin ɗan siyasa da carbi lokacin kamfe, ai ba sai an fassara mana ba.

Ita ma maganar cewa Amurka ƙasar Kirista ce tun asali tana da gyara. Jama'arta akasari Kirista ne, babu musu. Amma a 1797 majalisar dattawansu ta amince da yarjejeniya da Tarabulus ta Libiya, ba wanda ya ƙi, shugaba John Adams ya sa hannu, kuma a ciki an rubuta ƙarara cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba. Sannan kalmar "Kirista" a bakin masu ƙyamar baƙi kullum tana da wanda ta ware. A 1844 an ƙone cocin Katolika a Filadelfiya saboda 'yan Ayaland da suka kwararo. Dokar shige da fice ta 1924 an tsara ta ne don rage Italiyawa da 'yan gabashin Turai. Cocin da Vance ke tinƙaho da shi yau, a lokacin shi ne abin zargi.

Ni abin da nake gani tsoro ne. Cibiyar Pew ta ce a 2007 kashi 78 cikin 100 na manyan Amurkawa ke kiran kansu Kirista, zuwa 2024 sun koma wajen 62. Ba baƙi suka jawo wannan ba, 'ya'yan gida ne suka daina zuwa. Hasali ma baƙin ne ke riƙe da majami'u da yawa, har limaman Katolika daga Najeriya ake ɗauka su je su jagoranci ibada a can. Amma ya fi sauƙi ka nuna baƙo da yatsa da ka tambayi ɗanka me ya hana shi coci.

Kada wani ya ce na ce a buɗe iyaka kowa ya shige. Kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wa ya shigo mata. Obama ma ya mayar da sama da mutum 400,000 a 2012 kaɗai, har masu kare baƙi suka yi masa laƙabi da sarkin kora. Mu kanmu hannunmu ba a wanke yake ba: a 1969 firaminista Busia ya kori baƙi daga Gana, zanguna suka watse, a 1983 Shagari ya rama, har jakar nan ta samu suna. Amma dai ba a tuna waɗancan korar a matsayin aikin Allah. Doka aka ce, da tattalin arziki.

Inda abin ya zo ƙofar gidanmu shi ne ƙarshen 2025. A Oktoba Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ya ce ana zaluntar Kirista, washegari, 1 ga Nuwamba, har da barazanar soja. A Disamba kuma ya sa ta cikin waɗanda aka taƙaita wa biza ta ziyara da ta karatu da ta zama, Nijar ma aka rufe mata ƙofa gaba ɗaya. Takardar ba ta ware Bitrus daga Bashir ba. Ƙofar 'yan gudun hijira ita ma a Oktoban 2025 an matse ta zuwa mutum 7,500 a shekara, kuma an ce fararen Afirka ta Kudu ne a gaba. Da rukuninsu na farko, su 59, suka sauka tun a Mayun 2025, cocin Episkopal ya ce ba zai tsugunar da su ba alhali wasu na sansani shekara da shekaru suna jira, ya gwammace ya ajiye kwangilar da ya yi kusan shekara 40 yana yi da gwamnati.

Abokin nawa zan tura masa wannan. Na san zai ce na cika kare Nasara, kuma gobe in Allah ya kai mu shi zai biya kuɗin shayi, don jiya ni na biya.