Ƙanƙarar Greenland da masu cewa ina ruwanmu

Tun da Donald Trump ya taso da maganar mallakar Greenland, babban tsibirin ƙanƙara da ke can arewacin duniya, hirar teburin mai shayi a nan Jos ta koma kan ma'adinai da sansanin soja. Da na kawo zancen ƙanƙarar da ke narkewa a tsibirin, sai wani ɗan boko ya ce mini, "Malam, ina ruwan biri da gada?" Wannan amsa ta tsaya mini a rai.

Da ruwanmu, har da tsaki. Greenland na asarar ƙanƙara kimanin tan biliyan 270 a kowace shekara, Antaktika da ke ƙuryar kudancin duniya kuma wajen biliyan 150. Wannan ƙanƙara a kan ƙasa take zaune, in ta narke teku take gangarawa. Daga 1900 zuwa yau teku ya tashi da kusan santimita 20, kuma mutanen Ayetoro a jihar Ondo, waɗanda ruwa ke cinye wa gari gida bayan gida, ba sa buƙatar a fassara musu wannan lissafi. Legas fa, inda kayan kasuwanninmu ke sauka?

Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ita ce aka fi rainawa, wai narkewarta ba ta ƙara ruwa, kamar dai ƙanƙara a kofin zoɓo. Haka ne, amma aikinta daban. Fara ce, tana mayar da hasken rana sama. In ta tafi, baƙin ruwa ya shanye zafin, sauran ta ƙara narkewa. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a watan Maris ya san wannan. A 2012 ƙanƙarar tekun Arktik da ke ƙuryar arewacin duniya ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta tun da tauraron ɗan'adam ya fara aunawa a 1979.

Masu cewa yanayi dama yana juyawa da kansa, su tambayi manoman dankalin Bokkos yadda damina ta rikice musu.

Abin takaicin shi ne manyan ƙasashen da hayaƙinsu ya jawo wannan ɓarna su ne ke lissafin sabuwar hanyar jiragen ruwa da man da za su haƙa inda ƙanƙarar ta narke, alhali Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin. Mu ma ba mu wanku ba: har yau ana ƙona iskar gas a Neja Delta, dokar sauyin yanayi ta 2021 kuma talaka bai gan ta a ƙasa ba. A fara kashe wutar gas ɗin, sannan wakilanmu su je taron duniya su nemi diyya da bakin da za a saurara.