"In an buge ka, ka rama": maganar da ke ƙara wa yaranmu ciwo

Tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, jihar Maradi ke rainon yaran da idonsu ya ga abin da ko babba bai iya ɗauka. An kora shanu a gabansu, an tafi da uba daji sai da aka biya kuɗin fansa. Yau sun zama samari, suna lakwal, wato makarantar boko, suna zaman fada, wato majalisar hirar samari, tare da 'ya'yanmu na birni, waɗanda su ma hotunan gawarwaki ke iske su a WhatsApp.

Yaron da ya ga mai bindiga ya durƙusar da ubansa ya koyi darasi ɗaya: mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Wani sai ya huce a kan na ƙasa da shi, ya ƙwace masa kuɗin tara, ya sa masa sunan tsiya. Wani kuma tsoro ya sa shi ya yi laƙwas, 'yan cin zali su mai da shi abin wasa.

A nan nake ganin laifinmu iyaye. Yaro ya dawo da kuka, sai mu ce, "Kai ba namiji ba ne? Je ka rama!" In kuma aka kawo ƙararsa, sai bulala. Duka biyun darasin ɗan bindiga muke maimaita masa, da bakin da ya fi yarda da shi.

Na san uzurin. Uba ya fita tun asuba neman na cefane, uwa na fama da ƙanana, ga kunyar ɗan fari da ke hana wasu ko kiran sunansa. Kunya tarbiyya ce, ban musa ba, amma wanda ba ka hira da shi ba ka sanin abin da ke hana shi barci. In ba ka iyawa, ga kawu, ga gwaggo, ga malaminsa na allo.

Ka san fadar da yake zama da wanda ke shugabantarta. Ka leƙa lakwal ba sai mushe, malaminsu, ya aiko ba. Ranar da aka ce ya bugi wani, ka riƙe hannunsa ku tafi gidan tare, ya ji ka ba da haƙuri da bakinka, sannan shi ma ya bayar.