Jabanci ma yana buƙatar kulawa

Na karanta labarin nan da ke cewa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da harshen Indonesiya a matsayin ɗaya daga cikin harsunan babban taronta a watan Nuwamba 2023. Madalla, amma ya kamata marubuci ya faɗi yadda aka kai ga haka. Tun ranar 28 ga Oktoba 1928 matasan ƙasar suka yi alkawarin riƙe harshe ɗaya, kuma ba su zaɓi Jabanci, harshen yawancin mutanen tsibirin Jawa, ba, duk da cewa masu jinsa sun fi kowa yawa. Malayanci suka ɗauka, harshen 'yan kasuwa da tashoshin jiragen ruwa, don kada wata ƙabila ta ga an fifita ta. Shi ne aka kira harshen Indonesiya, kuma kundin tsarin mulki na 1945 ya tabbatar da shi a matsayin harshen ƙasa.

To, amma ina sauran harsuna sama da 700? A makarantun Yogyakarta ana koyar da Jabanci a matsayin darasin harshen yankin, a Jawa ta Yamma kuma Sundanci, sai dai 'yan sa'o'i ne a mako. Yaro a Jakarta yakan tashi bai iya gaida kakarsa da harshenta ba. Hukumar Badan Bahasa, mai kula da harsuna a ƙasar, ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da harsunan yankuna, amma ni ina ganin idan iyaye ba sa magana da su a gida, aji kaɗai ba zai riƙe su ba.